Ladabin Ɗalibi a Ƙasar Hausa: Waiwaye Daga Tsangaya Zuwa Aji

1.0 Gabatarwa

Duk inda malaman makaranta biyu ko uku suka haɗu a ƙasar nan, da wuya su tashi ba su taɓo maganar lalacewar ladabin ɗalibai ba. Wannan ya ce yaran yanzu ba sa jin magana, wancan ya ce tun da aka sassauta bulala al'amura suka dagule. Koken ba sabo ba ne, domin kuwa kowane zamani yakan ga kamar na bayansa sun fi shi rashin kunya. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne, wane irin ladabi ake nufi, kuma wane aiki ake so ya yi wa karatu?

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun halayen da makarantun ƙasar Hausa suka nema daga ɗalibansu, tun daga makarantar allo da zauren ilmi, zuwa makarantun da Turawa suka fara kafawa a farkon ƙarni na ashirin, har zuwa cikar azuzuwan da ta biyo bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kowace ƙa'ida da ta yi ƙarko a waɗannan makarantu tana da wani takamaiman aiki da take yi wa irin karatun da ake yi a wurin. Duk sa'ad da aka tumɓuke ƙa'ida daga mahallinta, aka dasa ta inda ba ta da wannan aikin, sai a wayi gari ta koma biyayyar tsoro, wadda takan sa aji ya yi tsit, amma ba lalle ba ne ta sa ɗalibi ya fahimta.

2.0 Kalmomin da Bahaushe ke amfani da su

Ya kyautu a fara da kalmomin kansu, saboda a cikinsu ruɗanin ya fara. Akwai kalmomi biyar da akan cuɗa wuri guda idan ana wannan zance, wato ladabi da tarbiyya da ɗa'a da biyayya da horo. Ukun farko aro ne daga Larabci. Ladabi ya fito daga al-adab, kalmar da a Larabci ta haɗa kyawun hali da ilmin adabi, abin da ke nuna cewa tun asali ba a raba hali da karatu ba. Tarbiyya tana ɗauke da ma'anar reno da rayarwa sannu a hankali. Ɗa'a kuwa asalin ma'anarta bin umarni, ko da yake Hausa ta faɗaɗa ta har ta kusanci ladabi. Biyayya kalmar Hausa ce daga bi, horo kuma shi ne abin da akan yi wa doki ko saniyar noma don su saba da aiki, akan kuma yi wa mai laifi don ya daina.

A laccarsa da aka buga a 1974 game da mutumin kirki a wurin Bahaushe, A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa halaye goma: gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Abin lura a nan shi ne, ladabi ɗaya ne daga cikin goma, kuma yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da hankali da hikima. Wanda ya iya durƙuso amma ba shi da hankali, Bahaushe bai kira shi mutumin kirki ba.

Sai dai kuma harshe ya riƙe mana shaidar yadda ma'ana ta karkata. A yau idan aka ce an ladabtar da yaro, babu mai fahimtar cewa an koya masa kyawun hali, kowa ya san duka ya sha. Haka nan idan aka ce an yi wa ɗalibi horo a makaranta, hukunci ne zai fara zuwa zuciyar mai sauraro. Wannan karkata, daga koyarwa zuwa hukuntawa, ita ce taƙaitaccen tarihin da za mu bi dalla-dalla.

3.0 Makarantar allo

Baƙon da bai san makarantar allo ba, idan ya tsaya a bakinta, zai iya ɗauka babu wani tsari a cikinta. Yara arba'in ko hamsin ne a zaune a ƙasa, kowa da allonsa, kowa yana rera nasa karatun da ƙarfi, babu biyu da ke kan aya ɗaya. Amma wannan ƙarar ita ce ƙa'ida ta farko. Karatun haddacewa ne, kuma kunne da harshe su ne kayan aikinsa. Da ƙarar ne malam, yana zaune a kan buzunsa, yake tsinto kuskuren yaro guda daga cikin muryoyi hamsin, ya gyara masa ba tare da ya tashi ba. Saboda haka a wannan makaranta yaron da ya yi shiru shi ne mai laifi, domin shirunsa alama ce ta barci ko wasa.

Sauran ƙa'idojin ma haka suke, kowace da aikinta. Ba a wanke allo sai malam ya saurari karatun ya gamsu, wato ke nan kowane mataki yana da jarrabawarsa, kuma kowane yaro yana tafiya gwargwadon ƙarfinsa, tun daga babbaƙu da farfaru har zuwa sauka. Ba a taɓa allo sai da tsarki, ba a tsallake shi, ba a zubar da ruwan wankinsa a ƙazamin wuri. Wannan yana dasa wa yaro girmama abin da yake karantawa tun kafin ya san ma'anarsa. A tsangaya, inda almajirai ke zaune tare da malaminsu, akwai matakai na kolo da titibiri da gardi, kuma na sama shi ke biya wa na ƙasa, ya rubuta masa allo, ya tsawata masa. Da haka malami guda yake iya riƙe ɗimbin yara. Zuwa itace da yamma ma ɓangare ne na karatu, saboda da hasken wutar nan ake karatun dare da na asuba. Lokacin karatu kuwa salloli ne ke tsara shi, ana hutu Alhamis da Juma'a, ana kai wa malam kuɗin Laraba.

Ba ƙaramin tsari ba ne wannan. A 1914 Lugga ya ƙiyasta cewa akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Arewacin Nijeriya, masu ɗalibai fiye da 200,000, ba tare da wata hukuma ta biya albashin ko malami guda ba.

Duk da haka, ba daidai ba ne a rufe ido ga aibinsa. Dorina ba ta nisa da hannun malam, kuma an sha wuce gona da iri da ita, har akan sa wa mai yawan gudu mari a ƙafa. Abin da ya kamata a sani shi ne, malaman mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar Hausa ke bi, sun daɗe da shata iyaka. Ibnu Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi sukutum kan ladubban malaman yara, inda ya taƙaita dukan karatu ga bulala uku, sai fa da iznin uba, kuma ko da laifi ya yi girma kada a wuce goma. Ibnu Haldun kuma, a cikin Muƙaddimarsa ta 1377, ya keɓe fasali guda don nuna cewa tsanantawa tana cutar da mai koyo, tana koya masa ƙarya da yaudara da kasala, domin yaron da ke tsoron duka yakan koyi faɗin abin da ba shi ne a zuciyarsa ba. Ashe ke nan wanda ya yi wa yaro dukan kawo wuƙa da sunan bin magabata, ya saɓa wa magabatan.

4.0 Zauren ilmi

Idan almajiri ya sauke, ya kuma so ya zurfafa, sai ya koma makarantar ilmi, wadda galibi a zauren malam ake yin ta. A nan ƙa'idoji sukan juya gaba ɗaya. Babu ƙara, babu bulala, babu wanda aka kamo. Ɗalibi shi ke zaɓen malaminsa da littafinsa, ya fara da irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya haura zuwa Risala da Askari da Muhtasar. Yakan tuɓe takalmi a ƙofa, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya nemi wuri ya zauna, ya jira layi ya zo kansa. Idan ya zo, sai ya matso ya karanta Larabcin gaɓa-gaɓa, malam yana fassarawa da Hausa ko Fulatanci, shi kuma yana amsawa da na'am. Sauran ɗalibai suna nan suna saurare, ta haka mai karatun Iziyya yakan tsinci rabin Risala tun bai kai gare ta ba. Shirun zaure, ashe, shiru ne na masu kama magana, saboda ilmin daga baki yake fitowa, kuma abin da ya wuce kunne ya wuce ke nan.

Littafin da ya fi kowane tasiri wajen tsara wannan hali shi ne Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na goma sha biyu ko farkon na goma sha uku, kuma ya yaɗu a zaurukan Afirka ta Yamma. Mutane sun fi tuna abin da ya faɗa game da girmama malami: kada a yi tafiya a gabansa, kada a zauna a mazauninsa, kada a fara magana sai da izninsa, kada a dame shi da tambaya lokacin da ya gaji. Abin da aka cika mantawa shi ne, wannan littafin dai shi ne ya wajabta wa ɗalibi muzakara da muhawara da abokan karatunsa, ya kuma fifita fahimtar kaɗan a kan haddar mai yawa ba fahimta. Ba hana tambaya ya yi ba, lokacinta da siffarta ya tsara. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya taɓo ladubban malami da na ɗalibi a cikin Lubabul Madhali, wanda ya tsamo daga littafin Ibnul Hajji.

Tarihin masu jihadi ya ba mu misali mai ƙarfi na yadda wannan ladabi yake a aikace. A cikin Ida'un Nusuhi, wanda ya rubuta a 1812, Malam Abdullahi ya jera malaman da ya ɗauki ilmi daga gare su, tun daga mahaifinsa da yayansa Shehu Usmanu, yana ambaton abin da ya karanta a wurin kowane. Wannan shi ne cikar ladabi, wato ɗalibi ya danganta ilmi ga mai shi. Shi kuma Shehu Usmanu, duk da irin girman da yake ba malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru, bai bi shi ba a kan kafirta Musulmi saboda aikata manyan zunubai. Ya saɓa masa a rubuce, da hujja, bai kuma daina yabonsa da yi masa addu'a ba. Wanda ya ce ladabin gargajiya shi ne ɗalibi ya haɗiye duk abin da aka ba shi, to bai yi wa zaure adalci ba. Hausawa da kansu sun ce tambaya rabin ilmi, kuma matambayi ba ya ɓata.

5.0 Zuwan boko: Nasarawa da Katsina

Bayan ƙoƙarin farko da aka yi a Sakkwato a zamanin Razdan Burdon, da na Likita Mila a Zariya, makarantar gwamnati da ta kafu sosai ita ce wadda Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Jama'a ba su karɓe ta hannu biyu ba. Sunan da suka ba sabon karatun ma shaida ne, domin Paul Newman ya nuna a 2013 cewa boko tsohuwar kalmar Hausa ce mai ma'anar algus ko abin da ba na gaske ba, ba daga sunan littafi a Ingilishi aka aro ta ba.

Ɗan Hausa ya san da wannan ƙyama, saboda haka ya yi taka-tsantsan. Ginin ƙasa aka yi, da Hausa ake koyarwa, ɗalibai suna sanye da tufafinsu na gida, ana kuma ba su karatun addini. Manufar Turawa ita ce su sami ma'aikatan En'e da 'ya'yan sarakuna masu iya rubutu da lissafi, waɗanda ba za su raina sarauta ba. To amma ko da tufafi ba su sake ba, yanayin karatun ya sake, kuma dole halin da ake nema ya sake tare da shi. Yanzu malami guda ne ke koyar da darasi guda ga yara da yawa a lokaci guda. Wannan shi ya haifar da agogo da ƙararrawa da rajista, ya mai da makara laifi, ya kuma mai da shiru wajibi. Yaron da jiya ake dukansa don ya yi shiru, yau ana dukansa don ya yi magana.

Alamomin girmamawa ma sun ci karo da juna. Bahaushe ƙasa yake yi don girmama babba, ya durƙusa ko ya tsuguna, amma a aji miƙewa tsaye ake yi idan malami ya shigo. Bahaushe takalmi yake tuɓewa, Bature hula yake cirewa. Yaron kirki a gida ba ya haɗa ido da babba, Bature kuwa yakan ɗauki sunkuyar da kai alamar rashin gaskiya. Ɗalibin boko na farko sai da ya koyi ladabi iri biyu, ya kuma koyi inda ake amfani da kowane.

A Kwalejin Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta a hukumance a 1922, aka kai wannan tsari ƙololuwarsa. A jawabinsa na buɗewa Gwamnan ya nanata cewa ana so waɗanda za su fito daga cikinta su koyar da kyawun hali da ladabi irin na Musulmin kirki tare da karatun littafi. An aro tsarin makarantun kwana na Ingila: an raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da shugabansa daga cikin ɗalibai, an wajabta wasanni irin su kurket da fayif, an tsananta tsabta da kiyaye lokaci. A nan Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma daga 1928 zuwa 1933. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa.

Akan buga misali da ɗaliban Katsina idan ana kukan ladabin da ya ɓace. Sai dai ya kamata a tuna cewa zaɓaɓɓu ne, 'yan ƙalilan daga dukan lardunan Arewa, suna kwana wuri ɗaya da malamansu, kowane malami ya san kowane ɗalibi da sunansa, kuma kowane ɗalibi ya san aiki na jiransa ranar da ya gama. Ladabinsu ya tsiro ne a kan waɗannan sharuɗɗa.

6.0 Elementare da midil

Bayan haɗe sassan ilmi na Kudu da Arewa a 1929, an shiga kafa makarantun midil a larduna daga 1930, a shekarar da aka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina. A ƙarƙashinsu akwai elementare a gundumomi. A nan ne wani sabon abu ya shigo, wato tilas. Hakimai da dagatai ake ɗora wa nauyin kawo yara, kuma sananne ne cewa masu hali da yawa sun ɓoye 'ya'yansu sun miƙa na barorinsu ko na talakawa. Ɗalibin zaure da ƙafarsa ya zo, almajirin allo ubansa ne ya kawo shi yana neman albarka, amma ɗan elementare sau da yawa kamo shi aka yi. Inda babu yardar iyaye, ba abin da ya rage wa malami ya dogara da shi sai bulala da tsoron hukuma.

Ta haka aka sami wani gauraye wanda ya daɗe yana damun makarantunmu. An ɗauko bulala da hadda daga makarantar allo, aka bar tafiyar kowane yaro gwargwadon ƙarfinsa. An ɗauko sunkuyar da kai daga zaure, aka bar muzakara da 'yancin zaɓen malami. An ɗauko shiru da jeri daga Turawa, aka bar ƙarancin ɗalibai da ke ba malami damar tambayar kowa. Sakamakon shi ne ajin da malami zai tambaya ko an gane, a amsa masa da murya ɗaya cewa an gane, alhali rabin ajin ba su san inda aka dosa ba. Monita yana tsaye yana rubuta sunayen masu surutu, babu mai rubuta sunayen waɗanda ba su taɓa buɗe baki sun yi tambaya ba. Daga baya a makarantun gaba da firamare aka ƙara da dokar hana magana da harshen gida, wadda ta sa yin Hausa ya zama laifin da ake hukunta yaro a kansa, ta kuma rufe bakin duk wanda Ingilishinsa bai nuna ba.

Ba a rasa masu ƙorafi ba tun a wancan lokaci. Alan Feinstein, wanda ya rubuta tarihin rayuwar Malam Aminu Kano, ya kawo labarin yajin da ɗaliban Midil ta Kano suka yi a shekarun 1930, Aminu yana cikin jagororinsa, saboda ƙarancin sabulu da rashin kyawun abinci da tsananin dokoki. Darasin da ke cikin wannan shi ne, ɗalibai sukan jure doka mai tsanani matuƙar suna ganin makaranta tana sauke nata nauyin.

7.0 Daga 1976

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi shiri don yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3 sun bayyana. Aka buɗe azuzuwa a ƙarƙashin itatuwa, aka horar da malamai cikin gaggawa. Alheri ne babba, domin 'ya'yan talakawa da ba su taɓa mafarkin shiga aji ba sun shiga. Amma sharuɗɗan da tsohon ladabi ya dogara a kansu sun rushe lokaci guda. Malamin da ke gaban yara ɗari bai san sunayensu ba, balle iyayensu, kuma darajarsa a gari ta ragu tare da darajar albashinsa.

Maganin da hukuma ta kawo ya bi ma'anar nan ta biyu ta horo. Kafin sojoji su miƙa mulki a 1979 an tura sojoji makarantun sakandare don su taya shugabanninsu tsawatarwa, sa'an nan a watan Maris na 1984 gwamnatin Janar Buhari ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a. An sami bin layi da share harabar makaranta, amma ba a taɓa asalin ciwon ba, wato yawan yara da ƙarancin ƙwararrun malamai. An sake ƙaddamar da shirin ilmi na bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, kuma Manufar Ilmi ta Ƙasa bugun 2004 ta tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati a manyan biranen Arewa ya san tazarar da ke tsakanin wannan adadi da abin da ke cikin aji. A ɗaya gefen kuma, tun bayan Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 muhawara kan dukan ɗalibai ta ƙara zafi, har malamai da yawa suna ganin an karɓe musu sanda ba a ba su komai a madadinta ba.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da abubuwa uku. Na farko, babu wani hali guda da za a ce shi ne ladabin ɗalibi a kowane wuri. Ƙara ladabi ce a makarantar allo, shiru ladabi ne a zaure, ɗaga hannu a yi tambaya ladabi ne a aji. Ma'aunin kowace doka shi ne a tambaya, me take ƙara wa karatu? Zuwa a kan lokaci da sauraron mai magana da kula da littafi da yin aikin gida da faɗin gaskiya idan ba a gane ba, duk suna da amsa a bayyane. Kamun kunne na sa'a guda a rana, ko tura yaro yankan ciyawa lokacin da 'yan'uwansa ke darasi, ba su da ita.

Na biyu, a duk inda ladabi ya yi ƙarko, alkawari ne tsakanin ɓangarori uku: iyayen da suka yarda, da malamin da ya san ɗalibinsa ya kuma riƙe nasa ladabin, da ɗalibin da ya ga amfanin abin da ake nema daga gare shi. Ba banza ba Ibnu Sahnun ya rubuta littafinsa a kan ladubban malamai. Makarantar da malaminta ke makara ba ta da bakin dukan yaro don ya makara.

Na uku, magabatanmu sun bar mana dabaru biyu da suka dace da cunkoson yau, wato babba ya biya wa ƙarami kamar yadda gardi ke yi wa kolo, da muzakara tsakanin ɗalibai kamar yadda Zarnuji ya wajabta. Kwalejojin horon malamai da sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu suna da aiki a nan, na tattara waɗannan hanyoyi daga bakin alarammomi da malaman zaure, a gwada su a aji a ga abin da zai yiwu. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa ya kamata ya san abin da yake so ya sassaƙa kafin ya sa hannu.